Fim ɗin da kake jira a faifai, watakila kaset ɗinka ne na ƙarshe

Tambayar da aka fi yi mini a wurin aiki guda ce. Mutum zai zaro kaset daga cikin leda, kwalin ya koɗe, rubutun jikinsa da ƙyar ake karantawa, ya ajiye mini a kan tebur ya ce, "Malam, wannan fim ɗin yaushe zai fito a faifai? Na gaji da nema." Nakan juya kaset ɗin a hannuna kafin in ba shi amsa, don na san ba za ta yi masa daɗi ba. Da yawa daga cikin finafinan da muka tashi da su, waɗanda muka haddace maganganunsu, ba za su taɓa fitowa a DVD ko Blu-ray ba. Babu wani kamfani da yake kan hanya da su.

Sana'ata ita ce ɗebo hoto da sauti daga tsofaffin kaset-kaset na bidiyo in mayar da su kan faifai ko rumbun kwamfuta, kuma na haura shekara 20 ina yin ta. A tsawon wannan lokaci na binciki dalilin da ya sa wani fim yake samun gata a sake fito da shi fes, wani kuma a manta da shi kamar ba a taɓa yin sa ba.

Wani asalinsa ne ya salwanta. Har zuwa farkon shekarun 1950, zaren da ake ɗaukar fim ɗin silima a kansa na sinadarin naitiret ne, wanda in ya kama wuta ruwa ma ba ya kashe shi. A 1937 ma'ajiyar kamfanin Fox da ke jihar New Jersey ta Amurka ta ƙone, a 1965 ta MGM ta bi sahu, kuma abin da ya tafi a cikinsu ya tafi ke nan. Babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto a 2013 cewa kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan ƙasar na zamanin da babu murya sun ɓace gaba ɗaya. Zaren da ya gaji naitiret, wato asitet, shi ba ya cin wuta haka, amma yana da tasa cutar. In zafi da laima suka yi masa yawa sai ya fara warin ruwan kal, ya tsuke, ya lanƙwashe, har ya gagari na'ura. Launi kuma yana gudu: shuɗi da kore su dusashe, a bar ka da hoto ja-ja. Tashoshin talabijin su ma sun yi tasu ɓarnar, don a shekarun 1960 da 1970 BBC ta riƙa goge kaset-kaset ɗinta tana sake ɗauka a kansu. Sai a 2013 aka sanar da tsintar fitowa 9 ta shirinta mai suna Doctor Who da aka daɗe da cire rai da su, a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos.

Wani kuma asalinsa yana nan lafiya lau, takarda ce ta ɗaure shi. Kamfanin da ya yi shi ya rushe, wani ya saye, wancan ma ya rushe, magada sun watsu, babu wanda zai iya cewa ga mai haƙƙin mallaka. Waƙoƙin cikin fim sun fi komai kawo cikas. Tsofaffin yarjejeniyoyi da yawa sun ba da izinin waƙa don nunawa a silima da talabijin kawai, saboda lokacin ba wanda ya yi mafarkin mutum zai ajiye fim a ɗakinsa. To yanzu sai an koma an nemi izinin kowace waƙa daban. Shi ya sa za ka ga fim ya fito a faifai amma an cire waƙar da ka fi so an liƙa wata, ko an canza muryoyin da aka ɗora masa. Wanda ya san fim ɗin tun a kaset, minti biyar ya isa ya gane an taɓa shi.

Sai kuma kasuwa, wadda ba ta da tausayi. Gyaran fim ɗaya hoto bayan hoto aiki ne na watanni, kuma masu sayen faifai kullum raguwa suke. Netflix ma da ya fara da aika wa mutane DVD ta gidan waya ya rufe wannan ɓangare a 2023. Ba na cewa ba a samun sa'a. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, na 1976, an yi shekaru ana ɗauka ya ɓace, sai aka gano zarensa a 2016, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Amma a bayan kowane guda irin wannan akwai tulin waɗanda ba wanda zai waiwaya.

Ni ta gyaran na'urar bidiyo na shigo wannan harka, a hannun maigidana, Allah ya jiƙansa. Na yi wata da watanni ba ya bari in taɓa komai sai sukurori, in kwance, in jera su bisa tsari a murfin gwangwani, in mayar. Ranar da ya fara bari in wanke kan bidiyo ba zan manta da ita ba. Kan nan wata 'yar ganga ce mai sheƙi da take juyawa sau 1,500 a minti ɗaya, a gefenta akwai ƙananan idanu masu karanta zare, waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba. Na ɗauko auduga zan goga, sai ya riƙe mini wuyan hannu. Ya ce, "Yaro, auduga tana da gashi, gashin zai maƙale ya fisge idon. Kuma ba a gogawa sama da ƙasa." Ya jiƙa wani ɗan ƙyalle mai santsi da sifirit, ya ɗora yatsana a kai, ya ce in tsaya cak, shi kuma ya riƙa juya gangar a hankali da ɗaya hannun. Da muka ɗaga ƙyallen sai ga baƙin layi guda biyu. Har yau haka nake yi, kuma haka nake koya wa yaran da ke wurina.

Shi ne kuma ya koya mini sansana kaset kafin in saka shi. In kaset ya zo, ba na kusantar na'ura da shi sai na duba ta tagar jikinsa. In na ga fari-fari kamar an barbaɗa gari a kan naɗin zaren, hunhuna ce. Sai in kwance sukurori biyar ɗin nan, in ciro naɗin biyu, in wanke kwanson daban, zaren kuma in bi shi a hankali daga farko har ƙarshe a wata na'ura da na keɓe don wannan aiki kaɗai, baki da hanci a rufe. Faɗin zaren rabin inci ne kawai, kuma hunhuna tana manne gefensa ta yadda in ka ja da ƙarfi zai yage a tsaye. Inda ya tsinke, da salatif na musamman nake haɗawa, ta bayansa. Wanda ya haɗa da salatif ɗin liƙe takarda ya yi kisan kai, don gam ɗinsa zai tsattsafo ya ɓata zaren da ke maƙwabtaka da shi, ya kuma toshe idon na'ura.

Nan ne nake da damuwa da masu aikin araha. Mutum ya sayi wata 'yar na'ura mai kamar ɗan yatsa, ya soka ta a kwamfuta, ya jona da duk bidiyon da ya tsinta, shi ke nan ya zama gwani. Ba ya duba kaset, ba ya wanke kai, ba ya zama ya kalla. Ya danna ya tafi harkarsa. Abin da zai ba ka hoto ne mai rawa, saman allo a karkace, baki ya motsa sai daga baya magana ta biyo. Don ya cika allon talabijin na zamani sai ya ja hoton ta gefe, kowa a fim ɗin ya koma gajere mai faɗi. Yanzu ma sun samo manhajar da wai take ƙara wa hoto kyau, sai ta shafe fuskar mutum ta koma kamar ta roba, gashin gira ya narke, rubutun bango ya zama shirme. Araha ba ta ado.

A wurina kowane kaset sai na zaɓar masa na'urar da ta dace da shi. JVC ne ya fito da VHS a 1976, kuma kamfanin Funai na Japan, wanda ya rage shi kaɗai yana ƙera na'urar, ya daina a 2016. Ke nan duk wadda nake da ita yau ba ta da magajiya. Ina lallaɓa su, ina canza musu bel da robar jan zare, ina ajiye matattu don in ciri kayan gyara. Da tsohuwar zuma ake magani. Akwai wadda ta fi iya kaset ɗin da aka ɗauka da jinkirin gudu don awa uku ta zama shida, akwai wadda ta fi fito da sauti mai tsabta, akwai ta kaset ɗin tsarin Amurka da Japan mai layi 525, wanda ya bambanta da tsarin PAL, wato na Najeriya da yawancin Turai, mai layi 625. Tsakanin bidiyo da kwamfuta kuma akwai akwatin da yake daidaita lokacin kowane layi, shi ne yake tsayar da rawar hoto ya kuma hana murya ta rabu da baki. Wannan akwati masu araha ba su ma san da shi ba. Kuma ina zama in kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe, hannuna kusa da madannin daidaita hoto, don wani kaset ɗin sau ɗaya zai yarda ya wuce lafiya.

Ba na yi wa kowa alkawarin abin da ba zai yiwu ba. Kaset ba zai zama Blu-ray ba, abin da ke cikinsa shi zan fito da shi, cikakke, ba ragi. Fim ɗin da aka yi don faffaɗan allon silima, lokacin da aka sa shi a kaset sau da yawa an yanke gefe da gefe, wani har kusan rabin hoton, kuma wannan ba ya dawowa. A tsarin PAL fim yana gudu da hoto 25 a daƙiƙa maimakon 24, shi ya sa fim ɗin awa biyu yake raguwa da kusan minti biyar, muryoyi su ɗan ƙara kaifi. Wannan ina iya mayar da shi daidai in mai kaya yana so. Wasu sukan ce a bar musu yadda kunnensu ya saba, ni kuma ina girmama hakan. Abu ɗaya da ba na yi shi ne buga fim ɗin wani in sayar. Kaset ɗinka ka kawo, kwafinka zan ba ka, kai kaɗai.

Kwanakin baya wani dattijo ya zo da kaset guda a naɗe cikin hankici. Ya ce fim ne da shi da marigayiyar matarsa suka kalla ba adadi, ya sa 'ya'yansa sun nema a intanet har sun gaji. Da na duba na ga hunhuna, na faɗa masa aikin zai ɗauki kwanaki. Ɗansa da ya rako shi ya ce akwai inda za a yi musu yau-yau, kuma da sauƙi. Na ce, "Baba, kayanka ne, amma don Allah kada a saka shi a na'ura a haka." Suka tafi. Bayan kwana uku dattijon ya dawo shi kaɗai, zare a waje ya cukurkuɗe, an ja shi da ƙarfi daga cikin na'ura ya tsinke wuri biyu. Bai ce komai ba, ya dai ajiye mini. Na yi kwana huɗu a kansa. Inda ya yamutse na shimfiɗa shi a kan gilashi ina miƙar da shi kaɗan-kaɗan, na yanke abin da ba zai gyaru ba, wajen daƙiƙa 40 suka tafi. Da ya zo karɓa na kunna masa, ya zauna a kujerar da ke gefen teburina, yana faɗin maganar 'yan wasan kafin su faɗa. Da aka zo wurin da na yanke sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, nan akwai inda take leƙowa ta taga." Na ce, "Akwai, Baba. Shi ne abin da na'urarsu ta cinye." Ya gyaɗa kai, muka ci gaba da kallo har ƙarshe.

Shi ma kwafi biyu na yi masa, ɗaya a faifai ɗaya a filash, na ce ya raba musu wurin ajiya, don faifan da ake bugawa a kwamfuta shi ma yana lalacewa in ya sha rana. Kaset ɗin kuma na mayar masa a sabon kwanso, na ce ya ajiye shi a tsaye kamar littafi, nesa da lasifika da bango mai laima. Duk mai irin wannan kaset a kabad, ya ɗauko ya leƙa tagarsa a wurin haske. In ya ga fari-fari, kada ya hura, kada ya gwada ko yana yi, ya sa shi a leda shi kaɗai ya kawo mini yadda yake.