A kira ni kafin a zuba daɓe

Watan jiya muka miƙa wani aikin jan wayoyin data da haɗa injina da kwamfutoci a Challawa, sabon layin casar shinkafa, kuma har yanzu daɗinsa nake ji, don shi ne karo na farko cikin ɗan lokaci da mai kamfani ya neme mu tun ana haƙa fandisho. Yawanci sai kwantena ta iso daga Legas, an sauke injina an ɗaure, an zuba daɓe ya bushe, sannan wani zai tuna ai injinan nan sai sun yi magana da juna. Daga nan sai fasa ƙasa, ko kuma ka ga an bi bango da waya kamar igiyar shanya.

Wannan karon zanen ginin aka shimfiɗa mana a tebur. Muka zauna da injiniyan wuta muka bi shi ɗaki ɗaki, ga inda akwatin PLC zai zauna, wato ƙwaƙwalwar da ke ba motoci umarni, ga injin tsintar shinkafa mai kyamara da ke hure baƙin ƙwaya da iska, ga sikelin tirela can bakin get, ga ofis a sama. Wayar data ta tagulla, Cat6, ba ta wuce mita 100, ko ubanwa ya ja ta, shi ya sa daga sikeli zuwa ɗakin saba, babbar kwamfutar kamfani, faiba wato wayar gilashi muka binne cikin bututu. Kuma ko da tazarar ba ta kai ba, tsakanin gini da gini ni ba na sa tagulla, tsawa ɗaya ta damina za ta bi ta ta ƙone maka suwic biyu, wato akwatunan da wayoyin data ke haɗuwa a ciki, lokaci guda, gilashi kuwa babu ruwansa da wuta. A cikin masana'antar muka ware wa wayar data hanyarta daban nesa da kebul ɗin manyan motoci, inda dole su haɗu sai su gitta juna su wuce, saboda inbatocin nan masu rage gudun mota suna watsa wata hayaniya da ido ba ya gani, sai dai ka ga allo yana sandarewa ka rasa dalili. Ga ƙaiƙayi ga ƙurar hunturu, suwic ɗin ofis mai fanka shaƙa zai yi ta yi har ya mutu, marar fanka muka sa a akwati mai rufi.

Inda muka ɗan yi ja da Alhaji mai kamfanin a maganar tsaro ne. Ya ce, Injiniya, wa ya san da mu a Challawa da zai yi mana kutse? Na ce ranka ya daɗe ba sai an san ka ba, ita cutar kwamfuta ba ta tambayar adireshi. A 2017 cutar WannaCry ta sa Honda tsayar da masana'antarta ta Sayama a Japan, a 2019 kamfanin alminiyam na Norsk Hydro a ƙasar Norway wata cutar daban ta kama shi sai da ma'aikata suka koma aiki da takarda da biro. Sannan yaren da yawancin injinan nan ke yi, Modbus, tun 1979 aka ƙirƙiro shi kuma babu fasawod a cikinsa sam, duk wanda ya samu hanya ya ce wa mota tsaya, za ta tsaya. To in kwamfutar akanta da yake buɗe kowane imel tana layi ɗaya da PLC, ka ga an bar ƙofa a buɗe kenan. Muka raba gida uku, ofis daban, kyamarori daban, injina daban, da fayawol a tsakani wanda ba ya barin komai ya wuce sai lissafin buhunan da manaja ke son gani.

Abu biyu ne suka fi cin mutane a nan kuma duk ba daga waje suke zuwa ba. Na farko injiniyoyin da suka zo ɗaura inji, in za su koma ƙasarsu sai su bar AnyDesk, manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, a kunne ko su maƙale ɗan rauta mai sim a cikin fanel don su riƙa gyara daga can. Ba mugunta ba ce, amma mun cire, yanzu in suna son shiga sai manaja ya buɗe musu VPN, wato keɓantacciyar hanyar shiga mai makulli, su gama ya rufe. Na biyu ramin USB. Wallahi na taɓa samun ofareta a wani kamfani ya jona wayarsa caji a jikin allon inji, wani kuma filashin finafinai yake sakawa da dare. Duk mun toshe, muka sa musu soket ɗin caji a gefe don kar a ce mun yi zalunci.

Sai maganar da ke ci min tuwo a ƙwarya, wayar bogi. Kwali ne mai kyau an rubuta Cat6 mita 305, ka kankare da wuƙa sai ka ga fari a ciki, alminiyam ne aka shafa wa tagulla. Kyamara mai shan wuta ta cikin waya za ta yi ta ɗaukewa, a ce ai mai aikin ne bai iya ba. A wannan aikin ma dila ya haɗo min kwali huɗu a cikin kaya, ina ɗagawa na ji ba nauyi, na kunna ashana a bakin wayar ta lanƙwashe nan take. Kuma da irinta yaran da suka koyi saka kyamara jiya suke karya farashi, mai kamfani ya nuna maka takardarsu ya ce kai me ya sa naka ya ninka.

Ni a kafe na koya, zamanin da intanet ke zuwa ta babban faranti a saman rufi. Ogana sai ya zube min kawunan RJ45 da ake matsa wa a bakin wayar data a faranti ya ce in yi ta matsawa, fari-lemo, lemo, fari-kore, shuɗi, fari-shuɗi, kore, fari-ƙasa, ƙasa, in na kuskure ɗaya ya datse da almakashi ko kallona ba ya yi. Har yau yarana sun san ba a rufe akwati sai kowace waya ta hau na'urar gwaji, an liƙa mata lamba kai da gindi. Ranar miƙa aiki mun ba Alhaji zanen layukan, da kwafin furogiram ɗin PLC a waje biyu, ɗaya na ce ya kai gida ya sa a sef.

Jibi in Allah ya kai mu zan leƙa wani kamfanin roba a Sharaɗa. Na tambaya a waya ko an zuba daɓe, aka ce tun kafin azumi.