Kabewar maƙwabci

Asabar ɗin da ta wuce ina zaune a ɗakin da ɗan ƙanwata yake haya a arewacin Chicago aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ya leƙa ta ɗan ramin ƙofar, ya dawo ya zauna, ya mayar da idonsa kan waya. Na ce wane ne? Ya ce, "Kawu, tsohuwar nan ce ta ƙasa. Wai ta sayo kabewa in zo in taya ta fafewa, hannunta ba ƙarfi. Ni ba ruwana da bikin fatalwa." Ta sake ƙwanƙwasawa, can muka ji takunta tana sauka a hankali. Bakina ya yi nauyi na kasa yi masa faɗa, domin abin da ya yi na taɓa yin wanda ya fi shi muni.

Lokacin da na kawo iyali garin nan, shinge kawai ya raba gidanmu da na wani dattijo Bature da ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana wata jihar. Zuriyar mutanen Ireland ne, waɗanda yunwar da ta fara a 1845 ta koro bayan cuta ta cinye musu dankali. Shi ya ba ni labarin cewa a can ƙasarsu wani ƙullutun saiwa mai tauri suke fafewa su sa wuta a ciki, sai da suka zo Amurka suka tarar da kabewa, ga girma ga taushi. Jihar Illinois kuwa, inda Chicago take, ita ce kan gaba wajen noman kabewa a duk Amurka, don haka Oktoba na kamawa zai tuƙa tsohuwar motarsa zuwa gona ya ciko bayanta.

Shekarar farko, daren 31 ga Oktoba, wato daren Halowin, bikin fatalwa da ake sassaƙa kabewa dominsa, na kashe fitilar baranda, alamar kada yara masu neman alewa su tsaya a gidan. Da safe muka tarar da 'yar ƙaramar kabewa a bakin ƙofa. Dattijon ya gaya wa maiɗakina ta kan shinge cewa wannan ta girki ce, manyan da ake sassaƙawa ruwa ne kawai a cikinsu. Ta yi miyar taushe da tuwon shinkafa ta aika masa. Ya dawo da kwano tas, yana tambayar me aka sa a ciki.

Daga nan abin ya zama namu. Ƙarshen makon da ke gaban Halowin zai shimfiɗa tsofaffin jaridu a teburin barandarsa, ya yanke wa kabewa murfi, yarana su zura hannu su kwaso tsakiyar suna ihu saboda sanyi da yauƙi. A wanke 'ya'yan, a barbaɗa gishiri, a gasa. Wuƙarsa 'yar siririya ce, yana juya ta kamar masu zanen ƙwarya a kasuwar ƙauyenmu. Ya lura ba ma son fuskokin dodanni, bai tambayi dalili ba, sai ya koma sassaƙa taurari da jinjirin wata, wata shekarar har raƙumi. Yarana ba sa yawon karɓar alewa, bai taɓa cewa uffan a kai ba. Kaka suke kiransa, yana amsawa da murna.

Ni na yanke wannan zumunci. Wata Juma'a bayan an idar da salla wani ɗan'uwa ya ja ni gefe ya ce an ga 'ya'yana a barandar Nasara suna hidimar Halowin. Kunya ta kama ni. Kuma ni direban tasi ne a lokacin, makon Halowin makon kuɗi ne, 'yan shagali ba sa barci. Ga rufin ɗakin mahaifiyata yana yoyo a gida, ga kuɗin makarantar ƙanne, wa zai ce na yi laifi don na bi titi? Maganar addinin ma ba ƙarama ba ce. Asalin bikin yana komawa ga al'adun mutanen Ireland tun kafin Kiristanci, malamai da yawa sun hana shiga, kuma har yau ban ja da su ba.

To amma ba wanda ya hana ni gaishe shi, ba wanda ya hana miya ta tsallaka shinge. Na fake da guzuma na harbi karsana. Da na je na zauna na yi masa bayani, na san zai fahimta, mutumin da ya sauya zanensa saboda mu. Maimakon haka na hana yara fita, na koma shiga gida ta ƙofar baya. Ya sayo kabewarsa kamar kullum ya jera a baranda, da ƙaramar kabewar maiɗakina a gefe. Ya kira ni ta kan shinge, na ce masa aiki ya yi yawa, sai baɗi. Suna nan a jere ba a taɓa su ba har sanyi ya lotsa su.

Cikin hunturun ya rasu. Dusar ƙanƙara ta kwanta a ƙofarsa kwana da kwanaki ba sawun kowa, ina wucewa ina gani, ina ce wa raina ƙila ya tafi wajen 'yarsa. A garin da zafin Yulin 1995 ya kashe mutum fiye da 700, da yawansu tsofaffi masu zaman kaɗaici a ɗakunan da ba mai leƙawa, ni da na san wannan labari ban ƙwanƙwasa ba. Na haddace hadisin da Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi (SAW) wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai ba shi gado. Wani lokaci nakan ce ajali ne, ko na shiga ba zan ƙara masa kwana ba. Gaskiya ne, amma bai taɓa sa na ji sanyi ba.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari masu yawa, ku 'yan baya da kuke zuwa karatu da aiki, sai na ga kaɗan ne. In tsoho ya ƙwanƙwasa, ku buɗe. In za ku ƙi, ku ƙi da bakinku, ido da ido, da girmamawa. Ban ce ku yi Halowin ba, wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bari. Amma wallahi da yau za a miƙo mini wuƙar nan karɓa zan yi. Ku ɗauki wadda za ku iya a cikin biyun, ni ma ban gama daidaita su ba.

Abin da ke ba ni haushi da ku, ba tsoron Allah ne ya hana yawancinku buɗe ƙofa ba, waya ce. Kun san wa ya saki wa a Kano, ba ku san sunan wadda ke kwana a ƙarƙashin ɗakinku ba. Mu ko ba komai neman abinci ya ɗauke mu, ku fa? Ko da yake wannan ma uzuri nake sake kawowa.

Ku karɓi lambar ɗa ko 'yar tsohon da ke kusa da ku, ku ba shi taku ya manna a jikin firij. In kun ga wasiƙu sun taru a akwatinsa, ko ƙanƙara ta kwana biyu a ƙofarsa ba a share ba, ku buga ƙofar da ƙarfi. In ba a amsa ba ku kira 911, lambar neman agajin gaggawa, kada ku tsaya jiran wani ya riga ku.