Gyaran Ƙwayoyin Halitta: Wanda Ya Yarda da Wanda Ba a Tambaya Ba

Tun da masana kimiyya Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana dabarar CRISPR a shekarar 2012, aikin da ya jawo musu lambar yabo ta Nobel a 2020, nake bin labarin gyaran ƙwayoyin halitta cikin zumuɗi da ɗar-ɗar, domin dabarar tana ba masana ikon yanke daidai wurin da suka nufa a cikin abin da mutum ya gado daga iyayensa.

Amfaninta ya fi fitowa fili a cutar sikila. A ƙarshen 2023 Birtaniya, sannan Amurka, suka amince da maganin Casgevy, inda ake ɗebo ƙwayoyin da ke samar da jini daga jikin majiyyaci, a gyara su ta yadda za su koma yin irin himoglobin (sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini) ɗin da ɗan tayi ke yi a ciki, wanda ba ya lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini. Aikin ba wasa ba ne, domin kafin a mayar da ƙwayoyin sai an share ɓargon majiyyacin da magani mai ƙarfi irin na cutar daji, wanda kan iya hana shi haihuwa. Duk da haka ban ga aibi a nan ba, tunda an faɗa masa haɗarin ya kuma yarda, kuma gyaran ba ya wucewa ga 'ya'yansa.

Abin da masanin kimiyya He Jiankui ya yi a ƙasar Sin daban ne. A Nuwamban 2018 ya sanar da haihuwar tagwaye mata waɗanda ya taɓa ƙwayar halittarsu ta CCR5, wadda ke samar da ƙofar da HIV ke bi ta shiga ƙwayoyin jiki, tun kafin a dasa su a mahaifa, wai don ya kare su daga ƙwayar cutar HIV. Yaran ba su da ciwon, akwai hanyoyin kariya da aka sani, ba su da bakin cewa e ko a'a, kuma duk kuskuren da aka yi zai iya bin zuriyarsu. Kotu ta ɗaure shi shekara uku, kuma a ganina bai kamata a ji tausayinsa ba.

Sai dai hayaniyar da lamarinsa ya tayar ta danne wata tambaya da ta fi damuna: wa zai iya samun maganin sikilar nan? An sa wa Casgevy farashin dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya a Amurka, kuma yana buƙatar asibitin da ya ƙware a dashen ɓargo, alhali mafi yawan jariran da ake haifa da sikila suna Afirka kudu da Sahara, inda irin waɗannan asibitoci ba su da yawa.