Abin da na koya daga nazarin yadda jihar Luwiziyana ta tunkari ambaliya

Ranar da malamin da ke duba kundina na digiri na biyu ya ce in ɗauki jihar Luwiziyana ta Amurka a matsayin abin nazari, ban ɓoye masa mamakina ba. Na ce masa, "Malam, ni da ban taɓa ganin teku ba, kuma aikin da nake fatan yi bai wuce jinga da magudanan ruwa na garuruwanmu ba, me zan tsinta a gaɓar tekun wasu?" Ya ce in ajiye teku da guguwa a gefe tukuna, in bi diddigin abin da gwamnatin jihar ta yi da hannunta tun daga ranar da ruwa ya janye. Na shafe kusan shekara guda a kan wannan aiki, kuma ya canja mini yadda nake kallon sana'ata ta injiniyan ruwa.

Kafin karatun ina ɗauka cewa mahaukaciyar guguwar Katrina, wadda ta sauka ranar 29 ga Agustan 2005 ta kuma hallaka fiye da mutum 1,300, ta fi ƙarfin duk wani gini na ɗan Adam ne kawai. Rahotannin injiniyoyin da suka yi bincike sun nuna mini akasin haka, domin a manyan magudanai biyu na birnin New Orleans katangun sun kife ne tun ruwa bai kai tsayin da aka tsara su jure ba, saboda kuskuren da aka yi wajen auna ƙarfin ƙasar da aka kafa su a kai. Kusan kashi 80 cikin 100 na birnin ya nutse. Rundunar injiniyoyin sojan Amurka ce ta tsara katangun, amma a lokacin kula da su yana hannun ƙananan hukumomin jinga da dokar jiha ta kafa, waɗanda ake naɗa mambobinsu ta hanyar siyasa. Hukumar jinga ta birnin har filin jirgin sama da tashoshin kwale-kwale take gudanarwa, alhali aikin da aka kafa ta dominsa yana neman mai kula.

A nan gwamnatin jihar ta yi abin da ya cancanci yabo. Kafin shekarar 2005 ta ƙare, a zamanin Gwamna Kathleen Blanco, majalisar dokoki ta kafa hukuma guda ta kare gaɓar teku da farfaɗo da ita, ta haɗa aikin jinga da aikin fadama waɗanda a da suke ma'aikatu daban-daban. A 2006 jama'ar jihar suka kaɗa ƙuri'ar gyara kundin tsarin mulkinsu, aka haɗe hukumomin jinga na yankin New Orleans, aka kuma shardanta cewa dole a samu injiniyoyi da masana kimiyya a cikinsu. Lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024, wannan babi na kundina ne ya fara faɗo mini a rai, domin tambayar da ke cikinsa ita ce: wa ke duba gini a shekarun da babu abin da ya faru?

Inda na fi daɗewa, kuma inda raina ya fi ɓaci, shi ne shirin sake gina gidaje da aka kira Road Home, wato hanyar komawa gida. Kuɗin na gwamnatin tarayya ne, amma jihar ce ta tsara rabon, kuma magidanta kimanin 130,000 suka amfana, kowanne yana iya samun har dala 150,000. A takarda shirin ba shi da aibu, sai dai a cikin ƙa'idar lissafinsa akwai jimla guda da ta raba mutane gida biyu: ana duba darajar gidan kafin guguwa da kuɗin gyaran ɓarnar, sai a gina tallafin a kan wanda ya fi ƙanƙanta. A ɗauka gidaje biyu ne masu girma ɗaya, kowanne yana buƙatar dala 120,000 kafin ya zaunu. Na farko yana unguwar masu hali inda darajarsa ta kai dala 160,000, don haka za a yi masa lissafi da kuɗin gyaran gaba ɗaya. Na biyu yana unguwar baƙaƙen fata inda tarihin wariya ya karya farashin gidaje, darajarsa dala 70,000 ce, kuma a nan lissafinsa zai tsaya, alhali katako da siminti da ladan magini farashinsu ɗaya ne a unguwannin biyu. An shigar da ƙara a 2008, aka sasanta a 2011, amma shekaru shida bayan ambaliya iyalai da yawa sun riga sun kafa rayuwa a Houston da wasu biranen. Ban ga wata alama ta cewa waɗanda suka rubuta ƙa'idar sun yi nufin zalunci ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni, domin irin jimlar ce ni ma zan iya rubutawa a ofis da kyakkyawar niyya.

Aikin injiniya kansa ya yi kyau. An kashe kusan dala biliyan 14.5 wajen kewaye New Orleans da sababbin jinga da ƙofofin ruwa da injinan zuƙe ruwa, har da katangar tafkin Borgne mai tsawon kusan kilomita 3. Da guguwar Ida ta zo ranar 29 ga Agustan 2021, shekara 16 cif bayan Katrina, kariyar ta tsaya daram. Amma wutar lantarki ta ɗauke a birnin baki ɗaya, garuruwan da ke wajen katangar irin su LaPlace da Lafitte da Grand Isle kuwa suka sha ruwa. Tun daga nan, duk taswirar da aka miƙo mini sai na fara duba gidajen da layin kariya ya bari a waje, in tambayi wanda ya ja layin da dalilinsa.

Matsalar da ta fi katanga girma ita ce ƙasar kanta tana ɓacewa. Daga shekarun 1930 zuwa yau jihar ta rasa kusan murabba'in kilomita 5,000 na fadamun da ke rage ƙarfin igiyar teku kafin ta iso gari. Jingar da aka ƙarfafa a kan kogin Misisipi bayan ambaliyar 1927 ta hana lakar da kogin ke ɗaukowa bazuwa a fadama, hanyoyin ruwan da kamfanonin mai suka haƙa sun shigo da ruwan gishiri, ƙasa tana nutsewa, teku kuma yana ƙara hawa. Tsibirin Jean Charles ya rasa kusan kashi 98 cikin 100 na ƙasarsa, har a 2016 aka ware dala miliyan 48 don mayar da mazaunansa tudu. Jihar ta fitar da babban tsari a 2007, ta sabunta shi a 2012 da 2017 da 2023, kuma tsarin na dala biliyan 50 ne a cikin shekara 50, kaso mai tsoka na kuɗin da aka samu kuwa ya fito ne daga tara da diyyar malalar man da ta auku a teku kusa da gaɓar jihar a 2010.

A kundina na yabi wannan tsari fiye da kima, na rubuta cewa ya fi ƙarfin sauyin gwamnati, kuma a nan na yi kuskure. Ginshiƙinsa shi ne aikin Barataria na kusan dala biliyan 3, wanda zai buɗe wa kogin ƙofa ya riƙa zuba laka a fadama don ƙasa ta sake ginuwa. An aza harsashinsa a Agustan 2023, sai gwamnatin jihar ƙarƙashin Gwamna Jeff Landry ta soke shi a Yulin 2025, bayan tsadar aikin da shari'o'i da adawar masuntan kawa da jatan lande, waɗanda ruwan kogin zai gurɓata musu wuraren sana'a. Har yanzu ina ganin soke aikin asara ce babba ga jihar. Sai dai da na koma na duba kundina, na tarar masuntan nan sakin layi ɗaya kacal na ba su, a ƙarƙashin abubuwan da ka iya kawo jinkiri.