Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: Neman Fayil Ɗina

Makon jiya mun tsaya a kan wasiƙar VA, hukumar kula da tsofaffin sojojin Amurka, game da diyyar nakasa da na nema. Ƙugin da kunnena ke yi sun ba shi kashi 10 cikin 100 a ma'aunin nakasa. Gwiwa kuwa, suka ce ba su ga shaidar da ta haɗa ciwon na yanzu da aikin soja ba.

Na ɗauki wasiƙar zuwa ofishin DAV, ƙungiyar da ke taimaka wa tsofaffin sojoji kyauta. Dattijon da na tarar, wanda ya yi yaƙin Biyetnam, ko tashi bai yi ba ya ce kada in ɗaukaka ƙara sai na ga abin da su suka gani. Ga kowane mai nema akwai fayil da ake kira C-file: takardar sallama DD-214, bayanan asibitin soja, rahoton likitan da ya gwada ka, da duk wasiƙar da ta shiga tsakaninku. Dokar sirri ta 1974 ta ba ka haƙƙin karɓar kwafinsa. Na cike fom 20-10206, na sa hannu, muka aika ofishin karɓar takardun VA da ke Janesville a jihar Wiskonsin. Ya kuma ja kunnena cewa neman fayil ba ya tsayar da wa'adin shekara guda na ƙalubalantar hukunci.

Sai bayan watanni ambulan ya iso, ciki faifan CD. Duk gidan babu kwamfutar da ke da wurin sa shi. 'Yata ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Abba, wannan ai kayan tarihi ne!"

Ita ta sayo 'yar na'urar da ake jonawa.

Shafuka ne rututu, wasu a karkace, wasu an maimaita su. Bayan Isha nake zama da shayi ina bi ɗaya bayan ɗaya. Can na ci karo da rubutun ma'aikacin jinya na sansanin Balad a Iraƙi, shekarar 2007: gwiwar hagu ta kumbura bayan dirowa daga mota, an ba shi ibuprofen, ya koma aiki. Layi uku kacal. Ni da na yi makonni ina sallah a zaune!

Abin da babu shi ne ya fi tsaya mini a rai. Hoton MRI da bayanan likitan ƙashin da na yi ta zuwa wurinsa bayan an sallame ni daga soja, ko shafi ɗaya. Wani asibiti mai zaman kansa ne ya ce ya tura, ashe bai tura ba. Wanda ya yanke hukunci bai taɓa ganin gwiwata ba, takarda ya gani, takardar kuma da giɓi.

Uwargida ta ce gobe da sassafe mu je asibitin da kanmu, kada mu fito sai da kwafi a hannu. Yadda muka kwashe da su, da fom 20-0995 na sabuwar shaida, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.