Godiya ga mutanen Salama na Ƙofar Gayan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan godiya, sai yanzu zuciyata ta ɗan natsu.

Wata biyar ke nan da jarrabawa ta same mu. Wani da muka yarda da shi, wanda yake shiga gidanmu kamar nasu, ya ci amanar 'yar ƙanena mai shekara 8. Ba zan faɗi sunanta ko unguwarmu ba, wanda kuma ya gane mu, don Allah ya bar shi a ransa.

Kafin magariba ranar, yarinyar nan ta maimaita abin da ya faru har sau biyar: ga uwarta, gare ni, ga kakarta, ga wata maƙwabciya, sannan a wani ofishi, a tsaye gaban kanta, maza na kai-komo, ana ce mata "kin tabbata?" Daga nan ta kulle bakinta. Ko ruwa aka miƙa mata, kai kawai take girgizawa. Manya kuma suka taso da nasu: a rufa asiri, a sasanta a gida, gobe wa zai aure ta. Ni kaina, Allah Ya yafe mini, na kwana ina juya maganarsu.

Washegari muka hau keke napep zuwa Asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan a Zariya, inda cibiyar Salama take, wato wurin da ake kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Matar da ta karɓe mu ba ta fara da tambayar komai ba. Sai ta durƙusa har fuskarta ta yi daidai da ta yarinyar, ta ce, "'Yata, kin karya kumallo?" Ta miƙa mata takarda da fensir masu launi. Ni kuma ta ce, "Gwaggo, ku zauna kusa da ita, amma kada ku taya ta magana." Mun fi rabin awa ba abin da ake ji sai ƙarar fensir. Da ta fara magana, ba a katse ta ba, ba a hanzarta ta ba. Da ta gama, matar ta riƙe hannunta ta ce, "Na yarda da ke, kuma ba laifinki ba ne." Dukanmu a gida ba wanda ya tuna ya faɗa mata haka.

Likitar da ta duba yarinyar ita ce ta bayyana mana cewa maganin kariya daga cutar ƙanjamau dole a fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28 ba fashi. Da mun tsaya zaman sasanci, da lokacin ya wuce mu. Aka rubuta rahoton likita, aka adana kayan jikinta da Allah Ya sa ba mu wanke ba, aka haɗa mu da lauya. Ko sisi ba a karɓa a hannunmu ba.

Daga baya wani ƙanena malamin makaranta yake ba ni tarihin irin wannan aiki. A 1985, a garin Huntsville na jihar Alabama a Amurka, wani lauyan gwamnati mai suna Bud Cramer ya lura ana wahalar da yaran da aka zalunta, kowane ofishi da tasa tambayar. Sai ya tara likita da ɗan sanda da mai ba da shawara da lauya a gida ɗaya, don a daina yawo da yaro. Da ya faɗa mini sai hawaye, domin wahalar da muka ba yarinyarmu ke nan da hannunmu. A Najeriya, cibiyar Mirabel ta Legas ce ta fara a 2013. Jihar Kaduna kuwa tana da Salama a Kakuri da Tudun Wadar Kaduna da Kafanchan da nan Zariya. Kuma ya yi mini daɗi da tamu take ƙarƙashin sunan Gambo Sawaba, 'yar garin nan da ta sha ɗauri a kan haƙƙin mata da talakawa.

Magana tana gaban kotu, ba zan ce komai a kanta ba. Tun 2020 dokar jiha ta tsananta hukuncin wanda ya yi wa yaro ƙasa da shekara 14 fyaɗe, muna jiran abin da alƙali zai yanke.

Malama mai ba da shawara, ke da kike kira ki tambayi ko ta yi barci, Allah Ya raya miki zuri'a. Likita da nas-nas, Allah Ya saka da alheri. Baba mai gadi da ya ga halin da muke ciki ya raka mu har ƙofa bai tambaye mu komai ba, na gode. Uwar yarinya, da kika dage duk da gorin dangi, Allah Ya ba ki lada.

Makon jiya ta koma Islamiyya. Takardar da ta yi zane ran nan tana cikin jakarta, ta ce in mun koma ranar da aka ba mu za ta nuna wa Malama cewa ta ƙara wa gidan da ta zana taga.