Asabar, ni da Hurricane ɗina da ƙurar hunturu

Yau ba aiki, tun jiya da daddare na ƙudurta a raina cewa yau ko ana ha maza ha mata sai na shafa wa Hurricane ɗin nan, ɗan samfurin jirgin yaƙin Ingila na roba da nake haɗawa, korensa, don sati uku kenan yana zaune a kan tebur da launi ɗaya kamar an manta dashi. Bayan sallar asuba ban koma barci ba, na haɗa shayi na shige ɗan ɗakin da nake aiki na rufe ƙofa da taga ruf, har ƙasan ƙofar sai da na toshe da jiƙaƙƙen tsumma. Hazo ne sosai yau a Kano, darbejiyar ƙofar gida ma da ƙyar ake hango ta, jirgin safe da muke jin tashinsa kullum daga filin jirgi yau ban ji shi ba.

Nawa jirgin na kamfanin Airfix ne, sikelin 1/48, wato abinda ya kai santimita 48 a jirgin gaske a nan santimita ɗaya ne. Fukafukan Hurricane na gaske ƙafa 40 ne daga wannan baki zuwa wancan, mita 12 da ɗoriya, nawa kuwa santimita 25 da ɗan wani abu, bai ma cika tsawon rula ba. Ƙanina ne ya taho min dashi daga Ingila tare da 'yan gwangwanayen fentin Humbrol, guntayen robar da ke cikin kwalin sun haura ɗari, wasu ko ƙwayar shinkafa basu kai ba sai da matsefata ake ɗaukarsu. Haɗin kam na gama shi tuntuni, mazaunin matuƙi da kujerarsa da sandar tuƙi duk suna ciki, na shafe layin haɗin da samfefa har ya ɓace, gilashin sama kuma da farin gam na kafinta na manna shi don sufa gulu yana sa gilashi yayi fari fat kamar hazo ya shiga ciki kuma baya gyaruwa.

Maganar fenti ita ce damuwar wannan lokacin. Fenti mai ruwa a hunturu kafin ka kai buroshi daga gwangwani zuwa fiffike ya fara bushewa, sai kaga sawun gashin buroshin layi layi a jiki. Mai mai kuma yana kwanciya lafiya lau yayi sumul amma yana ɗaukar wajen awa shida kafin ya daina danƙo, a cikin awa shidan nan duk ƙurar da ta ga dama sai ta zauna masa. Na zaɓi mai man. Kuma wanda zai gwada, don Allah kar ya sirka shi da tinar masu fentin mota, tana da zafi tana cin roba, na taɓa gwadawa a kan wani guntun da bana buƙata ya narke ya zama kamar cingam.

Fenti lamba 29 na riga na shafa ko'ina a sama, ruwan ƙasa mai duhu, yau lamba 30 ce, kore mai duhu. Na fi awa ɗaya da rabi ina yanka maskin tef da reza a kan gilashin tsohon firam ina bin zanen lanƙwasa lanƙwasan nan, in manna in ɗaga in sake mannawa, hannuna duk ya sandare don sanyi. Wajen da yafi bani wuya bayan jirgin ne, daga mazaunin matuƙi zuwa wutsiya, don a can jikin ba sumul bane yana da ƙananan tudu a jere. A jirgin gaske wajen nan yadi ne aka ja a kan ƙashin bututun ƙarfe da katako aka shafe shi da wani ruwa mai sa shi ya ɗame kamar fatar ganga. Mutane na jin haka sai su raina shi su ce ai Spitfire, ɗayan jirgin yaƙin Ingila, shi ne jirgi, alhali yadin nan ne yasa sau da yawa harsashi kan ratsa ya fita kawai a manna faci a ci gaba, kuma a yaƙin sararin Ingila na 1940 Hurricane ya fi Spitfire yawa ya kuma fi shi kakkaɓo jiragen Jamus. An ƙera sama da 14,000. Ni dai ina sonsa a haka, da ƙusumbinsa da kaurin fiffikensa.

Yawancin waɗanda nake kallo a YouTube in suka haɗa wannan samfurin mai ƙaton haɓa a ƙarƙashin hanci (matatar iska ce ta Vokes, don kar yashi ya shiga injin Merlin ya cinye shi) launin hamada suke masa, ruwan yashi da ruwan ƙasa a sama, shuɗi a ciki. Yana da kyau ba ƙarya. Amma ni ba jirgin da ke yaƙi a Libiya nake son ginawa ba, wanda ya sauka a Kano ya sha mai ya kwana a kan hanyarsa ta zuwa Masar nake so, kuma na farko farkon da suka biyo ta nan a ƙarshen 1940 da kayansu na Ingila suka zo, kore da ruwan ƙasa.

Wajen ƙarfe goma saura na gama fiffiken dama na gama jiki ina kan na hagu sai aka ɗauke wuta. Ɗakin yayi duhu bana ganin bakin tef ɗin sosai, fenti kuma yana kan buroshi ba a tsayawa a tsakiya, sai na miƙa hannu na ɗan buɗe taga kaɗan, wallahi bai fi faɗin tafin hannu ba. Ashe daidai lokacin ake sharar tsakar gida, iska ta kwaso ta watso min. Ina kallo ƙurar ta sauka a kan ɗanyen fentin, fiffiken hagu gaba ɗaya yayi ƙuraje ƙuraje har da wani ɗan zaren tsintsiya a kusa da wajen bindigogi. Na yi shiru na daɗe. Abin ya min ciwo sosai don wannan shafar ita ce mafi kyau da hannuna ya taɓa yi, ba sawun buroshi ko ɗaya. Na cire zaren da bakin allura, sauran kuwa ba abinda za a iya yi musu yanzu, in ka taɓa ɗanyen fenti ƙara ɓata shi zaka yi. Na kifa masa babbar robar da ake zuba kayan miya na fito.

A waje na tarar da Baffa a kan tabarmarsa jikin bango yana shan hantsi, an lulluɓa masa bargo. Na durƙusa na gaishe shi, "Baffa barkanku da hantsi, ya sanyi?" yace "sanyi lokacinsa ne, kai kuma me ya ɓata maka rai da safen nan ɗan nan?" Na faɗa masa. Idonsa ya yi rauni yanzu, hoton waya baya gani sosai, sai na koma ɗaki na ɗauko farfelar jirgin da ban manna ba tukuna na sa masa a tafin hannu. Ya dinga juya ta da yatsa yana ƙirga fukafukanta uku. Sai na tambaye shi abinda na daɗe ina son tambaya, nace Baffa lokacin yaƙin Hitila kuna Fagge kuna yara, kun ga jirage kuwa?

Yace sosai ma. Yace basa zuwa ɗai ɗai, garke suke zuwa, babba ɗaya a gaba ƙanana na biye da shi kamar kaza da 'ya'yanta, su yara sai su bar abinda suke yi su bi su da gudu suna ihu har su ɓace wajen filin jirgi, iyaye mata kuwa tun suna jan yara ɗaki har suka saba suka daina ɗaga kai. Daga nan ya tafi labarin yayansa da aka ɗauka soja aka kai ƙasar Bama (Burma), wannan kam na sha jinsa, amma maganar kaza da 'ya'yanta yau na fara ji daga bakinsa kuma tsigar jikina sai da ta tashi, don abinda na karanta kenan sak. Babban na gaba Blenheim ne mai inji biyu, shi ke ɗauke da mai duba hanya, Hurricane kuwa mutum ɗaya ne a ciki, shi ne tuƙi shi ne komai, don haka sai su jeru su bi shi wajen guda shida.

Na zauna na ba shi nawa ɓangaren. A watan Yuni na 1940 Italiya ta shiga yaƙi Faransa kuma ta faɗi, tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila, zagayowa ta ƙasan Afirka ta Kudu kuma wata da watanni ne, ga shi ana neman jiragen yaƙi a Masar ido rufe. Sai aka koma kawo su a manyan akwatunan katako zuwa Takoradi a Gana ta yanzu, a kwance akwati a ɗaura fukafukai a gwada inji, sannan su tashi su biyo gaɓar teku zuwa Legas, daga Legas Kano, daga Kano Maiduguri, sai Fort Lamy wato Njamena ta yau, su shiga Sudan ta Janaina da Fashir da Ubayyid har Khartum, sannan su bi kogin Nilu su gangara Masar. Sama da mil 3,500, kamar kwana shida. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940, kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi hanyar nan. Kuma da gwamnan Chadi Félix Éboué bai bi ɓangaren De Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, ba a watan Agusta na 1940 da hanyar ta toshe a tsakiya, don Nijar da ke saman kanmu a lokacin tana hannun gwamnatin Vichy ne, ta Faransawan da suka miƙa wuya ga Jamus. Baffa ya saurara har na gama, abinda ya kama a ciki shi ne sunayen garuruwan, yace ai wannan hanyar alhazai ce, ta nan mutanenmu ke bi a ƙasa zuwa Makka tun kafin a haife shi, wasu su shekara da shekaru a Sudan. Ban taɓa haɗa biyun a kaina ba sai yau.

Abinda ke damuna kenan. Jirage dubbai sun sauka a garin nan, mutanenmu ne suka share fili suka yi dakon gangunan mai, amma ka tambayi ɗan sakandare ko ma ɗan jami'a zai ce maka yaƙin duniya na biyu can a Turai aka yi shi. Ni kaina sai da na fara wannan haɗe haɗen na sani.

Bayan azahar na ɗan kwanta, da la'asar wuta ta dawo na koma ɗaki amma ban ɗaga robar ba, ƙananan kaya na kama. Na yi wa salansa guda biyun launin tsatsa, baƙi na fara sawa sannan na goga ruwan ƙasa da busasshen buroshi sama sama. Tayoyi na yi su da baƙi mai ɗan toka toka don baƙi wuluk yana sa taya tayi kama da roba sabuwa fil, na cikin lagireton da ke ƙarƙashin ciki ma na taɓa shi. Farfelar da Baffa ya riƙe na wanke ta da ruwan sabulu saboda maiƙon hannu na shafa mata baƙi, gobe in sa rawaya a bakin kowane fiffike. Yarona ya shigo ya tsaya a bayana yana kallo, yace Abba in ka gama zai tashi? Nace a'a wannan na kallo ne, sai yace toh a ina zai sauka, nace a Kano. Na ba shi ragowar firam ɗin roba da tsohon buroshi ya zauna a ƙasa yana shafa musu ruwa.

Akwai abu ɗaya da nake ɗokin kaiwa gare shi. A hotunan jiragen da suka bi hanyar Takoradi zaka ga wasu an shafa musu farin fenti a gadon baya da saman wutsiya, don in inji ya mutu mutum ya sauka a daji 'yan nema su iya hango shi daga sama, tunda koren da ke ɓoye shi a Ingila a nan sai ya zame masa matsala. Wannan farin ba a masana'anta aka yi shi ba don haka bana son ya fito tsaf tsaf, da buroshi mai ɗan faɗi zan yi shi in bar koren yana ɗan leƙowa ta ƙasa. Tankunan mai na ƙari da ake ɗaura musu a ƙarƙashin fukafukai su ne ban yanke shawara ba, ina tunanin in sassaƙa su da kaina daga jikin tsohon biro. In wannan ya kammala kuma Spitfire nake so, na runduna ta 91 ta sojan saman Ingila wadda aka sa wa suna Nigeria saboda kuɗin da aka tara a ƙasar nan aka sayi jirage, haruffansu DL ne a jiki.

Bayan isha'i na ɗaga robar na haska da fitilar waya. Fiffiken dama da jiki sun fito yadda nake so, na ɓare tef ɗin a hankali layin ya fita tsaf sai wuri ɗaya kusa da wutsiya da koren ya ɗan kutsa ƙarƙashi, wannan ƙaramin gyara ne. Na hagun kuwa ƙurajen na nan, na shafa da bayan yatsa na ji su kamar gero. Sai ya kwana biyu ya bushe ƙarau, ranar Litinin in na dawo daga aiki in bi shi da samfefa mai lamba 2000 da ruwa a hankali, in sake tef in sake shafawa, kuma wannan karon da daddare zan yi bayan an yayyafa wa tsakar gida ruwa, in caja fitila tun da rana. Baffa ya aiko yaro wai in an gama a kai masa ya taɓa gaba ɗayansa, nace a faɗa masa in sha Allahu kafin Juma'a ta sama.